Nasarar Ba-Zata: Ruwan Farko Ba Shi Ne Damina Ba

Duk wanda ya fara kiran zangon wasannin ƙwallon ƙafa da sunan "kakar wasa" a gidajen rediyonmu ya dace da kalma. A wurin manomi, kaka ita ce lokacin da ake girbe abin da aka shuka, a ɗaure dami, a ƙirga, a kai rumbu, kowa ya san matsayin gonarsa. Ke nan tun daga sunan an gaya mana cewa hukunci na ƙarshen aiki ne. Amma mu masu kallon ƙwallo mun saba yanke hukunci tun ranar shuka. Da zarar ƙaramar ƙungiya ta kayar da babba a makonnin farko, sai majalisu su ɗauka, a naɗa zakara alhali ba a ci ko rubu'in tafiyar ba. A wannan mako ina so mu duba yadda ya kamata a auna ƙungiyar da ta yi irin wannan nasara, tun daga manyan ƙungiyoyin gasar Firimiyar Najeriya har zuwa na kwalejoji da makarantunmu, domin a can ƙasa ne kuskuren awon ya fi yin ɓarna.

Mu fara da abin da mutanen Kano ba su manta ba. A watan Oktoban 2024 Kano Pillars ta je Inugu ta doke Rangers da ci 4 da 3. Rangers ce ke riƙe da kofin gasar a lokacin, kuma kowa ya san cin wasa a waje a gasarmu ba ƙaramin aiki ba ne, balle a gidan zakara. Ga shi kuma a farkon watan ne Ahmed Musa ya dawo ƙungiyar, ya zura ƙwallaye biyu a ragar Sunshine Stars a wasansa na farko. Abu ya haɗu da abu. A gidajen kallo da teburan mai shayi, daga Kunci zuwa Shuwaki, daga Bichi zuwa Dambatta, maganar ɗaya ce: Sai Masu Gida sun dawo, kofin da aka rabu da shi tun 2014 ya kama hanyar Kano. Da kaka ta zo aka ƙirga dami, Remo Stars ce ta ɗauki kofin, karo na farko a tarihinta, Pillars kuwa ta ƙare a tsakiyar teburi, ba ta samu ko gurbin zuwa gasar Afirka ba.

Nasarar Inugu ta gaske ce, kuma yabon gwani ya zama dole. Inda aka kuskure shi ne nauyin da aka ɗora mata. Gasar tana da ƙungiyoyi 20, kowacce za ta buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Mai neman kofi yana bukatar maki 70 ko kusa da haka. Wanda ya doke zakara a gidansa maki 3 ya samu, daidai da wanda ya doke ta ƙarshen teburi a gabansa da 'yan kallonsa. Teburi ba ya sanin daɗin labari.

Manoman yankinmu sun fi kowa fahimtar wannan. Akan yi ruwa mai ƙarfi a watan Mayu, ƙasa ta jiƙe, ƙamshinta ya tashi, masu gaggawa su kwashi irin gero su fita. Sai sama ta ɗauke na mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone, a koma neman wani irin a kasuwa da tsada. Dattijon da ya ga damina da yawa ba ya raina ruwan farko, yana gode wa Allah a kansa, amma yakan tona ƙasa ya ga iya inda laima ta kai kafin ya buɗe rumbu. Irin wannan tonon ne nake ganin ya kamata mai sharhin ƙwallo ya yi, kuma tambayoyi uku ne ke kai hannu ga laimar.

Kafin tambayoyin, ya kamata mu san dalilin da ya sa wasa ɗaya ke yaudara a ƙwallon ƙafa fiye da sauran wasanni. Ƙwallayen da ake ci a cikinsa kaɗan ne. Inda ake tashi wasa ɗaya da nema ko biyu da ɗaya, ƙwallon da ta bugi turke ta dawo, ko tutar mataimakin alƙali guda, ta isa ta juya sakamako. A ranar 22 ga Nuwamban 2022, a gasar cin kofin duniya ta Katar, Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1, ta kawo ƙarshen wasanni 36 da Ajantina ta jera ba a doke ta ba. Kafin a tafi hutun rabin lokaci sau uku Ajantina tana jefa ƙwallo a raga ana sokewa saboda satar gida. Bayan an dawo Saleh Al-Shehri da Salem Al-Dawsari suka ci biyu cikin 'yan mintuna. Washegari aka ba da hutu a ƙasar baki ɗaya. Daga nan Poland ta doke Saudiyya 2 da nema, Meziko ta doke ta 2 da 1, ta koma gida tun daga rukuni. Ajantina kuwa ita ta ɗaga kofin a ranar 18 ga Disamba. Wanda ya auna ƙasashen biyu da wasan farko ya yi kuskure sau biyu a zama ɗaya.

Tambaya ta farko ita ce: wa aka kayar, kuma a wane hali aka same shi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai gwarzon da aka yi wa shigar sauri yana gyangyaɗi, akwai kuma wanda suna ne kawai ya rage masa. Ajantinar 2022 irin ta farko ce. Faransar 2002 kuwa irin ta biyu ce. Ta zo Koriya ta Kudu tana riƙe da kofin duniya da na nahiyar Turai, Sanagal ta doke ta ɗaya da nema a wasan buɗe gasa a birnin Seoul ranar 31 ga Mayu, ta hannun marigayi Papa Bouba Diop. Amma Faransa ta bar gasar ba tare da ta ci ko ƙwallo ɗaya ba a wasanni uku, ga Zinedine Zidane yana fama da rauni. To haka ma Rangers ɗin da Pillars ta doke: ba ta iya kare kofinta ba a wannan kakar, ba ta ma shiga ukun farko ba. Mun ɗauka mun kayar da zakaran bana, ashe zakaran bara ne muka kayar.

Tambaya ta biyu: nasarar tana da saiwa, ko kuwa tsiron kan dutse ce? Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka bi diddigin ba-zatar da ta yi albarka, sai a tarar ba ta zo ba zato ba sai ga wanda ba ya bibiya. Sanagal ɗin da ta kunyata Faransa ta buga wasan ƙarshe na kofin Afirka a Mali watanni kaɗan kafin nan, sai a bugun fenareti Kamaru ta raba ta da kofin. Shi ya sa bayan Faransa ta ci gaba har zuwa zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe, inda Turkiyya ta tsayar da ita.

Mu ma muna da irin wannan a gida. A 2009 Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali Al Ahly ce ke riƙe da kofin, na shida a tarihinta. An yi kunnen doki ɗaya da ɗaya a nan gida, aka yi biyu da biyu a Alƙahira, ƙwallayen waje suka tsallakar da Pillars. A lura, ba ta ci ko wasa ɗaya cikin biyun ba, amma abin da ta yi ya fi na Inugu nauyi, domin sau biyu aka gwada ta ba ta karye ba. Kuma Pillars ɗin lokacin ita ce zakaran Najeriya ta 2008. Ta wuce matakin rukuni, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Saiwar da ta ɗauki wannan tafiya ita ce daga baya ta ba da kofuna uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014.

Har a wasannin ɗalibai abin haka yake. A Amurka, inda jami'o'i ke tara dubban 'yan kallo a irin ƙwallon ƙasar, wadda ake runguma a ruga da ita, har yau ana ba da labarin ranar 1 ga Satumban 2007. A ranar ce wata ƙaramar jami'a mai suna Appalachian State, daga rukuni na ƙasa, ta je gidan Jami'ar Michigan, wadda aka jera ta biyar a duk ƙasar, ta doke ta da maki 34 da 32 a gaban mutum sama da dubu ɗari. Duniya ta kira abin al'ajabi. Amma ƙaramar jami'ar ita ce zakaran rukuninta a 2005 da 2006. Bayan nasarar ta sha kashi sau biyu a hannun sa'o'inta, ta farfaɗo, ta sake ɗaukar kofin rukunin a ƙarshen shekarar, karo na uku a jere. Ba ranar ce ta yi ƙungiyar ba; ƙungiyar ce ta yi ranar.

Tambaya ta uku, wadda ta fi sauran muhimmanci: me aka yi a mako na gaba? Manomi ya san shuka ba ta cika rumbu sai an bi ta da noman firi da maimai, aikin da ba kiɗa ba 'yan kallo. A gasar kofin duniya ta 1998 a Faransa, Najeriya ta doke Sifaniya 3 da 2 a birnin Nantes, da wannan dungun na Sunday Oliseh da har yau ake nunawa. Ta doke Bulgeriya, ta fito ta ɗaya a rukuninta. Tun kafin a buga da Denmark a zagaye na biyu hankalin jama'a ya tsallake ta, ana ta lissafin yadda za a kara da Brazil. Denmark ta zuba mana 4 da 1. Ita ma Pillars ɗin 2009, wadda ta fi ƙarfin Alƙahira, ba wata ƙungiyar ƙetare ce ta cire ta ba. Heartland ta Owerri ce, abokiyar karawarta ta gida, ta ci ta biyar da nema a wasanni biyu. Gaba da gabanta. Saurayin da zai kara da gwarzo ba ya bukatar mai zuga shi, jininsa ne ke tafasa da kansa. Inda ake gane ƙungiya shi ne ranar da za ta je wani ƙaramin fili mai ƙura, bayan tafiyar yini guda a mota, ta kara da wadda ba wanda zai yaba mata idan ta ci.

Mai karatu zai iya cewa ai Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gaskiya ne, kuma ban ce a rufe ido sai ƙarshen kaka ba. Abin da nake cewa shi ne a san inda za a duba a ranar Larabar. A duba yawan ƙwallayen da ake zura wa ƙungiya, domin wadda ta ci huɗu aka rama uku tana da ƙofa a buɗe a bayanta, kuma ba kullum 'yan gaba za su riƙa biyan bashin 'yan baya ba. A duba ko mutum ɗaya ko biyu ne ke ɗauke da ita, domin rauni ko jan kati ba sa sallama. A duba waɗanda ke zaune a benci. A duba yadda take yi idan aka riga ta ci. A duba ko ana biyan 'yan wasa haƙƙinsu a kan kari. Mai noman rani a gefen madatsar ruwa ta Gari ba ya kwana da fargabar ɗaukewar sama kamar mai gonar tudu, domin yana da ajiya. Benci da tsari da ladabi su ne ajiyar ƙungiya. Da wannan ma'auni ya kamata a riƙa duban Pillars, da shi kuma za a dubi Barau FC, wadda ta hau babbar gasar a 2025.

Yanzu mu dawo kan ƙungiyoyin ɗalibai, waɗanda su ne suka fi damuna. Wasannin manyan makarantu a ƙasar nan suna da tarihi: gasar jami'o'i ta NUGA ta faro tun 1966, kwalejojin ilimi suna da NICEGA, kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, kuma a 2018 aka ƙaddamar da gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu mai suna HiFL. A kewayenmu akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, inda 'ya'yanmu da dama ke karatu, ga kuma makarantun sakandare da ke kara wa juna a kowane zango. Ƙungiyar makaranta ba kamar ta ƙwararru ba ce. Mai neman shaidar malanta shekara uku zai yi, mai difloma shekara biyu. Gwanin bana zai kammala baɗi. Jarrabawa da hutu da aikin koyarwa na gwaji suna katse atisaye, yajin aiki kuma yana iya share shekara, kamar yadda na malaman jami'o'i ya ci wata takwas a 2022. Saboda haka nasara ɗaya a kan babbar makaranta ta fi zama shaida a kan yara uku ko huɗu da suka dace da haɗuwa a aji ɗaya, ba a kan makarantar ba. Abin da zai nuna makaranta ta ƙware shi ne idan waɗannan sun tafi wasu sun maye gurbinsu.

Ɓarnar da gaggawar yabo ke yi a nan ba a teburi take tsayawa ba, tana shiga gidaje. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Yaro ya ci ƙwallo biyu a ranar da makarantarsu ta kayar da wata babba, kafin magariba an laƙaba masa sunan wani tauraron Turai, bidiyonsa ya zagaye wayoyin gari. Ba a rufe mako biyu ba wani ya bayyana da sunan dillalin 'yan wasa, ya ce akwai gwaji a Legas ko a ƙetare, sai dai kuɗin fasfo da na jirgi. Mahaifi ya sayar da shanun huɗa ko ya jinginar da gona. Yaron ya bar aji ana saura 'yan watanni jarrabawa. Bayan shekara ya dawo ba ƙungiya, ba takardar shaida, ba shanu. Waɗanda suka ɗaga shi sama a ranar nan sun koma yabon wani. Ƙasarmu ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma babbar tawagarmu ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar manya ba. Idan tazarar da ke tsakanin alkawarin ƙuruciya da cikarsa ta kai haka ga waɗanda suka ci duniya, ina ga wanda ya ci wasa ɗaya a filin makaranta?

Akwai kuma ɓarna ta biyu, ta 'yan kallo. Wanda ya naɗa ƙungiyarsa zakara a watan Oktoba, idan aka yi canjaras da ita a gida a watan Janairu ba zai yarda ƙarfinta ne ya tsaya nan ba. Zai ce an sayar da wasa, ko alƙali ya ci kuɗi, ko koci ya gaza. Daga nan sai jifa da kutsawa cikin fili. Magoya bayan Pillars sun san farashin wannan: a kakar da ta ƙare a 2022 an zabtare wa ƙungiyar maki saboda hatsaniya, kuma a wannan shekarar ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. A makarantu kuwa abin yakan ƙare da faɗa tsakanin unguwanni, shugaban makaranta ya soke wasanni gaba ɗaya, yaran da ba su ji ba ba su gani ba su rasa filin da suke motsa jiki.

Shawarata ga malaman wasanni ita ce, idan Allah ya ba ku irin wannan rana, ku bar yara su yi murnarsu a daren, da safe kuma ku zauna da su ku lissafa kurakuran da abokan karawa suka kasa amfana da su. Ku ajiye littafi: wasa nawa, ƙwallo nawa aka ci, nawa aka zura muku, wa ya zo atisaye, wa ya faɗi jarrabawa. Kada yaron da ya bar aji ya sa rigar makaranta, komai gwanintarsa. Ga shugabannin makarantu da na ƙananan hukumomi, ragon da za a yanka da kyautar da za a raba a ranar nasara, da an mai da kuɗinsu ga ƙwallaye da takalma da gyaran fili da akwatin magani, da sun fi daɗewa. Ga iyaye, duk dillalin da ya fara da neman kuɗi ku tambaye shi takardar gayyata daga ƙungiyar da ya ambata, ku kai wa hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ta tantance kafin a kwance ko akuya. Gwanin gaske ba ya lalacewa don ya jira ya kammala karatu.

Mu kuma masu rubutu da masu magana a rediyo, nauyinmu ya fi na kowa, domin da bakinmu ake kumbura labari. Mu faɗi abin da ya faru yadda ya faru: ƙaramar ƙungiya ta yi bajinta, ta samu maki uku, saura wasa talatin da wani abu. Wannan ba rage mata daraja ba ne, kare ta ne daga nauyin da wuyanta bai kai ba. Idan an kai wasa na goma, aka ga yadda ta yi a waje, da yadda ta tashi bayan faɗuwar farko, sai mu sake zama mu yi magana.

Allah Ya ba matasanmu haƙurin noma, Ya nuna mana kakar lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.